Ɗigon Fenti a Wayar Dela

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bagudo zuwa Lolo ya ga aikin Riskuwa, ko da bai san sunansa ba. Allon mai shayi, allon mai kemis, allon da ke nuna inda ake shiga jirgi a bakin ruwa, kusan duk hannunsa ne. Mijin yayata ne, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ne Ma'azu mai faci. Rumfata tana kallon zaurensa, tun ina saurayi nake shaƙar warin fentinsa ba tare da ko sannu ba.

Riskuwa ɗan masunta ne, amma Allah ya yi shi da cikin da ba ya shiri da ruwa. Da jirgi ya bar gaɓa sai amai. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya miƙa masa gwangwanin fenti ya ce to ya zauna a tudu ya riƙa shafe jirage, tunda dai bai da wani amfani. Daga shafe jirage ya fara yi musu zane a goshi don kowa ya gane nasa daga nesa, daga nan masu shaguna suka gan shi. Ya ɗan taɓa boko, ya iya ajami, harufan Faransanci kuwa a jikin kwalayen da ake shigowa da su daga Benin ya kwaikwaye su. Sai dai tun da wuri ya gane rubutu ba zai ciyar da shi ba. Ranar kasuwar Lolo za ka ga Bahaushe da Badende da Bafulatani da Bazabarme suna ture juna a layi ɗaya, kowa da yarensa, kuma ko da wane irin rubutu ka yi, mafi yawansu za su wuce kamar ba su ga komai ba. Saboda haka zane yake sawa a sama, babba, sa'an nan ya ɗan jera harufa a ƙasa don kada 'yan boko su ce an raina su.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. Allo ba ya fita daga gidansa sai yayata Dela ta ce ya fita.

Dela banda take yi, wato busar da kifi a kan wuta, kuma ba ta san harafi ko ɗaya ba, na boko ko na allo. Abin da Riskuwa ke so ke nan. In ya gama aiki sai ya jingina allon a ƙofar zaure ta ciki, ita kuwa tana can bakin murhu, nisan ya yi kamar faɗin titi. Ba ya gaya mata na wane ne. Ɗaga kai kawai za ta yi ta cikin hayaƙi ta faɗi abin da ake sayarwa a wurin. In ta faɗi daidai, mai allo ya zo ya ɗauka. In ta kuskure, ko mai allon na tsaye a waje yana tsaki, sai an goge an sake. Na sha ganin alhazai masu manyan riguna zaune a zaure suna jiran hukuncin matar da ba su taɓa gani ba.

Nawa allon ma bai tsira ba. Ya zana mini taya, Dela ta ce awarwaro ne. Ya ƙara mata zane a jiki, ta ce awarwaro mai ado. Da na ga abin zai kai mu damina, sai na ɗauki tsohuwar taya na rataye a bakin rumfa, har yau ita ce allona. Riskuwa ya ce wannan ne aiki mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, kuma na san ba yabo yake nufi ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wa'azi ya yi yawa a kan zana surar abu mai rai. Ba wanda ya zo ya ƙwace masa buroshi, shi da kansa ya dawo daga masallaci wata Juma'a ya ce ya bar zana fuska. Mun yi masa barka da tuba, amma masu aski ba su yi murna ba, don duk allunansu kawunan samari ne a jere. Ya gwada zana injin aski shi kaɗai, ya jingina a ƙofa.

"Wanga mi na?" in ji Dela. "Kunama ta ko hwara?"

Ya goge ya zana almakashi, ta ce tela. Ya ƙara mataji, ta ce mai kitso. Kwana da kwanaki mutumin nan ba ya cin tuwo da daɗi. A ƙarshe ya zana kujera ba kowa a kanta, ga hula rataye a ƙusa a samanta, ga tsintsiya a gefe. Dela ta duba ta ce wurin aski ne, don nan kaɗai namiji ke tuɓe hula da rana tsaka ba da faɗa ba. Har yanzu masu aski daga nan zuwa Kende kujera da hula suke sawa, yaran yanzu ma sun ɗauka haka aka halicci allon aski.

Kifi ya fi ba shi wahala, ga shi rabin masu kawo masa aiki da kifi suke ci. Wani ya ba shi shawara ya riƙa cire kan, wai in babu kai babu sura. Ya zana ƙaton giwan ruwa ba kai, Dela ta tambaye shi ko muzuru ne ya riga su. Da ta ga ya rasa tudun dafawa sai ta ce ya zana banda, irin wanda ake naɗewa wutsiya a baki a soke da tsinke.

"Kihin da yak kwana bisa wuta, Malam, wane rai yar rage mai?"

Ya kai maganar gaban liman, liman ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce shi dai bai ga laifi ba. Tun daga ranar kifin allon Riskuwa a naɗe yake.

To, Dela mai bakin nan da ba ta jin nauyin kowa, akwai mutum ɗaya a duniya da ba ta iya ko ambaton sunanta, ita ce 'yarta ta fari, Sakinatu. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na Dela ya zo da ƙari, don sunan uwar Riskuwa aka sa wa yarinyar, sunan suruka kuwa ba ya fita daga bakin matar kirki. Da aka yaye ta, Mairama yayar Riskuwa ce ta ɗauka ta riƙe har ta aurar da ita ga wani ɗan kasuwa a Madekali, can ƙetaren iyaka. In dole ta kama a yi maganarta, Dela sai ta ce "waccan" ko "ta ƙetare", tana kallon wani wuri. In Sakinatu ta zo gida ta durƙusa ta gaishe ta, amsar ba ta wuce "lahiya" sannan ta ci gaba da juya kifi. Amma ni ƙaninta ne, na san wa ake ware wa kifin da ya fi kowanne mai, a ƙulle a tsumma a tura ƙarƙashin kayan baƙuwa ba tare da an ce komai ba.

Da waya ta zo ƙasarmu, ita ce ta yi wa Dela gata. In Sakinatu ce ta kira, kowa a gida ya ji ƙara, sai Dela ta ɗauka ta ce lahiya, ta miƙa wa uban. Amma in Dela ce ta zaɓi lokacin kiran 'yarta, bayan la'asar da gida ya yi shiru, sai ta zaga bayan rumbu wai za ta duba kaji. Kajin nan sun sha dubawa. Kowa ya sani, kuma kowa ya yi kamar bai sani ba, har shi Riskuwa.

A lokacin aikin allo ya fara ja baya, don an fara kawo manyan ledoji da ake bugawa da kwamfuta daga Kamba da Birnin Kebbi, masu ƙyalli, cike da rubutu da hoton kayan da babu su a shagon. Riskuwa ya yi ta ƙorafi cewa an cika su kamar buhun 'yan gwanjo, ido bai san inda zai sauka ba. Sai ya koma wa wayoyin masunta. Shi da Sufyan, mai gyaran waya a bakin tasha, suka haɗa kai: Riskuwa ya zana ƙananan alluna, Sufyan ya ɗauki hotonsu ya jera a fuskar waya, kowane hoto da mutumin da yake kira. Masunci bai buƙatar karatu, ya ga buhu ya san mai shinkafa ne, ya taɓa. Da mijin Sakinatu ya aiko wa Dela babbar waya irin ta shafawa, haka aka yi mata. Kifi a naɗe shi ne dillalinta na Kamba, buroshi shi ne maigida, ni kuma aka sa mini taya don a ci mini fuska. A can ƙasa akwai hoton ɗan jirgin ruwa. Ba wanda ya yi bayaninsa, ita ma ba ta tambaya ba.

Shekaru suka tafi a haka. Sai wani abu ya fara faruwa wanda da farko ya faranta wa Riskuwa rai: Dela ta daina kayar da allo. Ya jingina, ta ɗaga kai, ta faɗi daidai. Ya zo rumfata yana fankama wai hannunsa ya nuna, sai yanzu ya kai malami. Na ce masa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana faɗuwa jarrabawa ba ya wayar gari ya zama haziƙi, ya dai bincika.

Mutawakkil ne ya tona asirin, shi ma ba da niyya ba. Injinan ban-ruwa yake sayar wa manoman shinkafa, ya sa aka yi masa allo, Dela ta ce injin ban-ruwa ne, aka kafa. Washegari da safe ya buɗe shago ya tarar da mata a layi da bokitan jiƙaƙƙen wake, sun zo markaɗe. Ya kore su, wasu suka zo. Da azahar ya ciro allon ya kawo zaure a kai, yana cewa shi bai taɓa sanin ya buɗe gidan ƙosai ba. Na leƙa na ga zanen, wallahi ko ni injin markaɗe na gani.

Riskuwa ya jira sai da Mutawakkil ya tafi. Sannan ya kira ni ya ce in zauna a zaure in ɗaga murya, in yi kamar baƙo ne ni da ya zo neman allon shinkafa. Na maƙe murya na yi, har da ciniki. Bayan kwana biyu ya sake kirana, ya ɗauko allo fari fat, ko ɗigo babu a jikinsa, ya jingina a ƙofar ciki ya yi gyaran murya. Dela ta ɗaga kai daga murhu, ta ƙura ido kamar yadda ta saba.

"Mai shinkahwa na," ta ce. "Amma buhun ya karkace."

Ashe tun tuni da kunne take karanta alluna. Tana jin abin da masu aiki ke faɗa a zaure, sai ta riƙe, in an jingina ta maimaita. Na so in yi dariya don ƙarfin halin nan na cewa buhu ya karkace, amma ban yi ba. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na shi, mu biyu muna ganinta kullum ba mu lura ba. Riskuwa ya kama allon ya ce to, zai gyara buhun. Ya ɗauke ya juya shi ga bango.

Da dabara ya kai ta asibiti a Birnin Kebbi, ya ce idonsa ne ke ciwo ta raka shi. Likita ya duba ya ce ciwon ya daɗe yana cin idon a hankali, an makara, sai dai maganin ɗigawa don a riƙe ɗan hasken da ya rage. Dela ta dawo ta ce hayaƙin banda ne, kuma ba za ta bar banda ba, hancinta da yatsunta sun ishe ta sanin kifin da ya yi. Haka ne kuwa, sana'arta ba ta tsaya ba. Abin da ya tsaya shi ne duba kaji.

Wannan ya zo daidai da lokacin da aka rufe iyaka. Da can Sakinatu takan biyo 'yan kasuwa ta zo ta kwana biyu, yanzu ga goyo ga hanya ta zama ta daji, mijinta ya ce ta haƙura. Wata rana ina tsakiyar cire ƙusa daga taya ta kira ni. Ta gaishe ni, ta tambayi gida, sannan ta ce:

"Kawu, mi niy yi ma Inna? Ta bar kirana. In ni kira kuma, lahiya kawai taka ce min."

Na ji kuka a muryarta. Na yi mata bayanin idon, na ce fuskar wayar sumul take kamar faranti, yatsa ba ya jin komai a kai, wanda bai gani ba ba shi da hanya. Ta ce to ba sai wani ya danna mata ba? Na ce ke ma kin san uwarki. Dela za ta iya cewa a kira mata dillali, ko a kira mata wancan shashashan mai faci, amma ta buɗe baki ta ce a kira mata 'yar fari, gara ta haɗiye garwashi. In kuma wani ya yi karambani ya danna ya miƙa mata, ai ya zama shaida, sai ta ce lahiya ta mayar masa.

Na kai wa Riskuwa maganar. Shi da Sufyan suka yi shawara, ni ba a tambaye ni ba, da na faɗa musu. Sufyan ya ce ai wayar tana da wata hikima da aka yi don marasa gani, in an kunna, duk inda yatsa ya taɓa sai ta faɗa da baki. Suka kunna, suka kai mata, suka ce yanzu wayar da kanta za ta riƙa yi mata jagora. Abin da suka manta shi ne, ƙarƙashin hoton jirgin nan Sufyan ya rubuta sunan mai lambar, kamar yadda yake yi wa kowa.

Ranar kuwa an yi sa'ar kamu, matan dangin Riskuwa sun cika tsakar gida suna gyaran kifi, har da Mairama. Dela ta ga hayaniya ta yi yawa ba mai kula da ita, ta ɗan matsa gefe ta zaro waya ta kai yatsa can ƙasa inda ta san jirgin yake. Sai muryar wata Baturiya ta tashi, da ƙarfi, ta kira sunan nan. Ta ɗan murɗe shi, amma ko jariri ya gane. Dela ta rikice ta sake taɓawa don ta yi shiru, wayar ta sake faɗa. Sai Mairama ta ce ashe a ɓoye ake kiran ɗiyarta, aka kwashe da dariya har wata ta zubar da kwaryar gishiri.

Ba mugunta suka yi ba, wasa ne irin na dangin miji. Amma Dela ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun tana amarya. Ta naɗe wayar a tsumma ta jefa cikin tsohuwar tukunya ta rufe, ta ce ba ta zama ɗaki ɗaya da abin da ba a yi wa tarbiyya ba. Riskuwa kuwa kwana uku ana ba shi tuwo ba man shanu.

Daga nan ne ya yi aikin da ni a ganina ya fi duk allunansa. Ya sayo ƙaramar waya mai maɓallai, irin mai tocila, ya sa Sufyan ya ɗaura kowane mutum a kan maɓalli ɗaya, in an danna an riƙe sai ta kira. Ya ce a kashe mata duk wani sauti, kada ta yi ko tari. Sannan ya zauna da tsinken tsintsiya da fenti mai kauri yana ɗiga wa maɓallan, ya bari ya bushe ya ƙara, har ɗigon ya tashi yadda yatsa zai ji. Wani ya barbaɗa masa yashi ya zama mai kaushi, wani ya yi shi biyu a jere, wani dogo kamar ƙwayar shinkafa.

Matsalarsa ita ce ba shi da mai duba masa. Wadda ta saba yanke hukunci ita ake yi wa aikin, kuma ba za a iya gaya mata abin da ake nema ba. Saboda haka ya riƙa zuwa rumfata ya naɗe idonsa da rawani, ya zauna a kan taya yana laluben waya kamar mai neman ƙuma a jikin kare. Ya kira dillalin Kamba har mutumin ya fara tambaya ko lafiya. Ya kira ni ina zaune kusa da shi, na ɗauka na ce ba na nan. Wani ɗigon ya ɓare a aljihu, wani ya yi tsini yana sukar yatsa, ya kankare ya sake. Da ya ga yatsunsa na mai buroshi sun fi nata laushi, sai ya kama hannuna ya ce in gwada, wai tafina ya yi kanta irin na mai banda. Masu kawo faci suka riƙa tarar da dattawa biyu, ɗaya ido a ɗaure ɗaya na zaginsa. Na yi asarar masu babura da yawa a makon nan, sun ɗauka mun taɓu.

Ranar da zai ba Dela wayar ya ce in zo, don in ta jefe shi da ita a samu mai shaida. Tana bakin murhu ita kaɗai. Ya sa mata wayar a hannu ya ce wannan kurma ce kuma bebiya, ba ta san sunan kowa ba. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan mai kaushi ya ce dillali ne, ya matsar zuwa mai ɗigo biyu ya ce ƙaninta ne, dogon kuma shi ne. Ta gwada kowanne, ta ce nawa ya yi girma da yawa ga mutumin da ba ta da abin gaya masa. Yatsan ya ci gaba da yawo shi kaɗai har ya sauka can ƙasa, a gefe, ya tsaya. Akwai wani ɗigo a wurin, mai santsi, kamar ƙwayar wake.

"Wanga hwa?"

"Hwenti na yaɗ ɗiga," in ji Riskuwa. "Kuskure na."

Ta shafa shi, ta sake shafawa.

"Tsuhwa ya kama ka, Malam. Hannunka ya hwara rawa."

"In kankare shi?"

"Bar shi. Kak ka ɓata min waya."

Ta ɗaure ta a bakin zane ta koma kan kifinta, ta ce mu tashi mun tare mata iska.

Kwana biyu ba abin da ya faru. Sakinatu ta kira ni ta ce shiru, na ce ta ƙara haƙuri. Na gane abin da ke hana Dela: da can tana gani, ta san lokacin da tsakar gida ta zama ba kowa. Yanzu ba ta da tabbacin ko wani na tsaye a bayanta, kuma bayan abin da Baturiyar nan ta yi mata, ba za ta sake yarda da shiru ba. Na gaya wa Riskuwa, ya ce shi ma tunanin da ya hana shi sukuni ke nan.

Rana ta uku bayan la'asar ina rumfa sai na ji ana dukan kwano a zaurensa, duka na rashin hankali, har tantabaru suka tashi daga kan katanga. Na jira a daina ba a daina ba. Na tsallaka a fusace in tambaye shi ko ya koma maƙera ne. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ya tare ƙofar shiga gida da jikinsa, gabansa wani falle na kwanon rufi, miƙaƙƙe sarai ba lanƙwasa ko ɗaya, yana ta narka masa guduma. Ya aiki matan gida unguwa, ya kuma leƙa ya gaya wa Dela cewa yana da aikin kwano a zaure, zai daɗe, kuma ko bindiga aka harba a cikin gida ba zai ji ba. Muddin tana jin dukan nan, ta san inda yake, ta kuma san ba mai shigowa.

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga guduma ya ɗan huta don ya share zufa. A cikin ɗan shirun nan na jiyo murya daga bayan rumbu, ƙasa-ƙasa. Muryar yayata ce, amma ban taɓa jin ta haka ba, ni da muka fito ciki ɗaya. Tambaya take ko yaron ya fara haƙori, ko ana ba ta abinci sosai, ta ce kada ta riƙa wanki da ruwan sanyi. Sai ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na ji idona ya kawo ruwa, ban kuma ji kunyar hakan ba.

Riskuwa ya harare ni kamar ni na yi shirun. Ya miƙo mini gudumar.

"Amshi," ya ce. "Hannuna ya gaji, kuma ba su gama ba."

Na tattare riga na zauna kusa da shi, na ci gaba da dukan kwanon.